Sabuwar motar China ko Toyota ta gwanjo: Me masu jiran farashi a Nima da Maamobi suke jira?

A ƙarshen shekarar 2025, duk wanda ke zama a majalisun matasa a Nima da Maamobi ya san hirar mota ta kusa kere ta ƙwallo. Motoci biyu ake ta musu a kansu. Ga sabuwar jif ƙirar China irin su Jetour, fil a leda, da allon kwamfuta a gaba da garantin kamfani. Ga kuma Toyota ta gwanjo daga Amurka, RAV4 ko Camry, wadda ta yi shekara biyar ko shida a hannun wani kafin ta hau jirgin ruwa zuwa Tema. In ka tambayi mai niyyar saye wacce ya tsayar, amsar kusan ɗaya ce: "Ina jira in ga yadda farashi zai tsaya tukuna."

Ni malamin makaranta ne, lissafi nake koyarwa, kuma saboda haka ne 'yan uwa kan zo min da takardar ejan ko saƙon dillali su ce in duba musu. Abin da na fahimta shi ne yawancinmu mun ce muna jiran farashi, amma ba mu tantance wane farashin muke jira ba. Mota a Ghana tana da farashi uku: na dala, na kwastan, da na riƙe ta bayan ta shigo gida. Kowanne da abin da ke motsa shi, kuma na ukun ne ya kamata ya raba gardama tsakanin motocin biyu.

Farashi na farko: dala

A farkon 2022 dala ɗaya tana kusan sidi 6. Kafin Nuwamban shekarar ta kai wajen 14 zuwa 15 a hannun 'yan canji, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamba. Duk wanda ya tara kuɗin mota a sidi a wancan lokacin ya ga ajiyarsa ta narke yana kallo. Daga nan ne mutane suka koyi darasin cewa wanda ya yi jinkiri ya yi asara.

Sai 2025 ta zo ta juya lissafin. A watan Afrilu dala tana kusan sidi 15.5, zuwa Yuni ta sauko wajen 10.3. Dalilan a bayyane suke: zinariya ta yi tsada a kasuwar duniya, gwamnatin Shugaba John Mahama ta kafa hukumar GoldBod don tattara zinariyar ƙananan masu haƙa, Babban Bankin Ghana ya riƙa zuba dala a kasuwa, ita kanta dalar ta yi sanyi a duniya, ga kuma shirin bashin dala biliyan 3 na IMF da ake kai tun Mayun 2023.

Mu ɗauki misali mai sauƙi. Motar da kuɗinta ya kai dala 20,000, a kan sidi 15.5 ta kama sidi 310,000. A kan 10.3 ta dawo 206,000. Mota ɗaya, wata biyu, bambancin sidi 104,000. To wa zai ga laifin mai jira?

Sai dai sidi ba ta yi wa kowa alkawari ba. A Satumba dala ta sake haura sidi 12, sannan ta dawo ƙasa a Oktoba. Wanda ya ce sai ta taɓa ƙasa kafin ya saya, ba zai san ta taɓa ƙasan ba sai bayan ta tashi.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba, alhali ya shafe mu 'yan Zango fiye da kowa. Kuɗin mota da yawa a unguwanninmu daga waje yake zuwa, daga ɗan uwa da ke Bronx a New York ko Hamburg ko Landan. In kuɗinka a dala yake kwance, ƙarfin sidi bai rage maka komai ba. Motar a Amurka da dala za a saya, kuɗin jirgi da dala, kuɗin fito ma a kan ƙimar dala ake lissafa shi. Abin da ya rage, wato ladan ejan da gyara da fenti da rajista da inshora, da sidi za ka biya, kuma dalarka yanzu ba ta kawo sidi kamar da. Ke nan mai dala jira bai ƙara masa komai ba. Mai albashi ko ɗan kasuwa ko mai adashi da kuɗinsa ke cikin sidi, shi ne ya ci ribar 2025, shi ne kuma zai fi jin jiki in dala ta sake tashi. Kafin ka ce kana jira, fara tambayar kanka a wane kuɗi ajiyarka take.

Me ya sa dillalai ba su sauke ba?

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne dala ta sauka amma motocin da ke jere a garejin dillalai ba su sauka daidai da ita ba. A Mayun 2025 ƙungiyar direbobi ta GPRTU ta rage kuɗin mota da kashi 15 cikin ɗari, shugabannin 'yan kayan gyara na Abossey Okai ma sun nemi mambobinsu su rage. A wajen motoci kuwa saukar ta zo da jan ƙafa.

Dillalan suna da hujjarsu. Motar da aka fitar daga tashar Tema lokacin da dala take sidi 15 ko 16, da wannan kuɗin aka saye ta, da shi aka biya fito. In ya sayar a farashin yau ya ci uwar kuɗinsa. Wannan gaskiya ne. Amma mu ma muna da tamu tambayar: a 2022 da dala ke tashi kullum, wa ya ce bari in sayar da tsohon kaya a tsohon farashi? Ai da safe ake sauya kuɗin, wani lokaci kafin la'asar a sake sauyawa. In hujjar ranar hawa ita ce "da farashin yau zan sake sarowa", to ranar sauka ma ita ya kamata ta yi aiki.

Dokar musayar kuɗaɗen waje ta 2006 ta hana sa wa kaya farashi da dala a cikin ƙasa ba tare da izini ba, Babban Banki kuma ya sha maimaita gargaɗin. Duk da haka za ka je wurin mota a ce maka "dala kaza ce, a canjin ranar da za ka biya". Canjin wa? Na banki ko na bakin titi? Nan ne mai saye ke shan kashi, don tazarar rabin sidi a kan dala 20,000 sidi 10,000 ce.

Shawarata ga mai jira ita ce ya daina tambayar farashin motar da ta daɗe a gareji, ya nemi wadda aka fitar bayan sidi ta yi ƙarfi. Takardar kwastan tana nuna ranar da aka biya. Dillalin da ya ƙi nuna maka ita ya riga ya ba ka amsa.

Farashi na biyu: kwastan

Mutane da yawa sun ɗauka kwastan na lissafa fito a kan kuɗin da ka biya wurin gwanjo a Amurka. Ba haka ba ne. Tun 2020 da aka koma tsarin kwamfuta na ICUMS, da lambar shasi ake gano ƙimar motar a shekarar da aka ƙera ta, a rage wani kaso saboda tsufa, wanda ba ya wuce rabi, a haɗa da kuɗin jirgi da inshora, sannan a mayar da shi sidi a canjin kwastan na wannan makon. Saboda haka ko a araha ka tsinci motar da ta yi haɗari, fitonta bai san da wannan arahar ba.

A kan wannan ƙima ake ɗora harajin shigo da kaya, daga kashi 5 zuwa 20 cikin ɗari gwargwadon girman inji. Sai VAT, sai harajin inshorar lafiya, sai na asusun ilimi na GETFund, sai na ECOWAS da na Tarayyar Afirka da wasu ƙanana. In ka tara su, ba wuya su haura kashi ɗaya cikin uku na ƙimar motar. In ta wuce shekara goma akwai tara a kai, kuma tarar tana ƙaruwa da tsufan motar. In ka bar ta a tasha kuɗin ajiya na hawa kullum, bayan kwana 60 kuma gwamnati na iya ƙwace ta. Mun ga waɗanda ɗan uwa ya turo musu mota da kyakkyawar niyya, suka rasa kuɗin fitarwa, kyauta ta zama baƙin ciki.

Wannan farashin ma siyasa na juya shi. A Afrilun 2019 an yi rangwamen kashi 30 cikin ɗari a kan ƙimar da kwastan ke sa wa motoci, a 2022 aka rage shi zuwa kashi 10, a farkon 2023 aka cire shi baki ɗaya. A 2018 an sa harajin motocin alfarma a kan masu inji mai lita 3 zuwa sama, shekara ɗaya kacal aka soke shi. A 2025 an soke harajin hayaƙin mota tare da E-Levy, amma aka ƙara sidi ɗaya a kan kowace litar mai don biyan bashin wutar lantarki.

A ƙarshen 2025 abin da ake jira shi ne Janairun 2026. A kasafin kuɗin 2026 da Ministan Kuɗi Cassiel Ato Forson ya gabatar a Nuwamban 2025, an sanar da soke harajin korona na kashi ɗaya, jimillar VAT da 'yan rakiyarta kuma za ta sauko daga kashi 21.9 zuwa 20. Abin maraba ne, amma mu yi lissafi. A kan motar dala 20,000, wannan sauƙin 'yan dubban sidi ne. In dala ta motsa da sidi ɗaya tak kafin Janairu, bambancin sidi 20,000 ne tun kafin a zo maganar fito. Wanda ya zauna jiran saukin haraji yana iya tsintar kwabo ya zubar da sule.

Wani jiran Janairun kuma na lamba ne. Mun saba a riƙe mota har sabuwar shekara don lambarta ta fito da sabuwar shekara a ƙarshe, saboda ta fi daraja ranar sayarwa. Hukumar DVLA ta sanar a 2025 cewa tana son cire shekara daga lambar mota. In hakan ya tabbata, wannan dabarar ta zo ƙarshe.

Ina motocin da ake haɗawa a gida?

A 2019 gwamnati ta fito da manufar haɓaka harhaɗa motoci a cikin ƙasa. Volkswagen ta fara a 2020, Toyota ta buɗe masana'antarta a Tema a 2021 tana haɗa Hilux, Nissan ta biyo baya a 2022 da Navara, ga kuma Kantanka tamu ta gida. An yi dokar kwastan ta 2020 da ta nemi hana shigo da motocin da suka yi mummunan haɗari da waɗanda suka wuce shekara goma, amma dillalai da makanikai suka yi ca, aka jingine ta kafin ta fara aiki.

Alkawarin shi ne talaka zai samu sabuwar mota da rance mai sauƙi. Motocin sun fito, rancen ne bai zo ba. Hilux da Navara motocin hukumomi ne da kamfanoni da manyan 'yan kasuwa. Wannan giɓin ne kamfanonin China suka gani suka shigo. Tun 2023 China ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da motoci, ta kuma kawo sabuwar jif a kuɗin da ke gogayya da na Toyota ta gwanjo. Shi ya sa musun Nima ya tsaya a kan waɗannan biyun.

Farashi na uku: riƙe mota

A nan ne nake ganin hukunci yake. Toyota ta gwanjo, duk abin da ya lalace a jikinta za ka same shi a Abossey Okai ko Suame Magazine a Kumasi, sabo ko na hannu, kuma kowane bakanike a bakin titin Nima ya san cikinta. Ranar da buƙata ta taso, kuɗin asibiti ko na makaranta ko na Hajji, cikin 'yan kwanaki za ka samu mai saye. A wajenmu mota asusu ce da ake fasawa ranar wahala.

Aibinta shi ne ba ka san tarihinta ba. Da yawa daga wuraren gwanjon kamfanonin inshora suke fitowa, irin su Copart, bayan haɗari ko ambaliya. A gyara jiki a fesa fenti, amma jakar iskar da ke kare direba ta riga ta fashe ba a mayar ba, ko wayoyin wuta sun sha ruwa. Akwai kuma na sata. 'Yan jaridar Kanada sun bi sawun motocin da aka sace a can har Accra, hukumar EOCO kuma ta ƙwace motoci da dama a 'yan shekarun nan. A 2025 kowa ya ji yadda ta karɓe Lamborghini Urus daga hannun mawaƙi Shatta Wale bisa buƙatar hukumomin Amurka, waɗanda suka danganta motar da dukiyar wani da aka ɗaure a can kan zamba. In mai suna irin wannan zai rasa mota saboda tarihinta, ina ga ɗan Maamobi da ba shi da lauya? Duba lambar shasi a intanet kafin a biya kuɗi kaɗan ne, kuma ya fi nadama araha.

Sabuwar motar China kuwa tarihinta fari ne tas, tana da garanti, ba za ta tambaye ka komai ba a shekarun farko. Tambayoyinta suna gaba. Garantin yakan tsaya ne a kan sharaɗin kai ta sabis wurin kamfani, a kan kuɗin kamfani. In wani ya goge maka fitila ko ya fasa gilashi a cunkoson Nima, za a samu a Accra ko sai an yi oda? Bayan shekara biyar, nawa za a taya ta? Kasuwarmu ba ta daɗe da sanin waɗannan motoci ba, don haka duk wanda ya saya yau da kuɗinsa ake gwajin. Wannan bai sa ta zama mummunan zaɓi ba. Kia da Hyundai ma an taɓa yi musu kallon raini, yau ga su sun cika titi suna aikin tasi da Uber da Bolt.

Ga yadda nake auna su. Wanda zai riƙe mota shekara bakwai ko takwas, yana da albashi ko ciniki tsayayye, kuma ba ita ce kaɗai kadararsa ba, sabuwar tana iya fi masa. Wanda motar ce jarinsa da ajiyarsa gaba ɗaya, ko zai sa ta haya, Toyota mai tsabtataccen tarihi ta fi masa kwanciyar hankali.

Maganar ƙarfin inji

Matasa na son jin mota mai gudu, mai inji shida, mai ƙara. To a ina za a yi gudun? Doka ta ce kilomita 50 a cikin gari, 100 a babbar hanyar Tema, wadda duka tsawonta kilomita 19 ne. Mota mai ƙasa-ƙasa ba ta shiga lungunanmu, in damina ta zo kuma kowa ya san halin magudanan Nima da Maamobi. Babban inji fitonsa ya fi yawa, mansa ya fi yawa, tayarsa ta fi tsada. Yawancin gidajenmu ma ba su da wurin ajiye mota, sai a bakin titi ko gidan mai, kana biyan mai gadi. Ba mu kuma manta da haɗarin East Legon na Oktoban 2024 ba, inda yaro ɗan shekara 16 a cikin jif mai ƙarfi ya yi sanadin mutuwar 'yan mata biyu ƙanana. A matsayina na malami, kullum ina ganin yadda ɗalibai ke tsallake titi da safe. Ƙarfin da ba ka da inda za ka yi amfani da shi, kuɗi ne ka biya don ka sayo wa kanka da 'ya'yan mutane haɗari.

Kafin alƙalami da kuɗin ruwa

Wasu dillalai kan ce ka ajiye wani abu a riƙe maka mota, in jirgi ya iso a faɗa maka cikon. Wannan cinikin biri a sama ne. Malamanmu sun karantar da mu cewa daga sharuɗɗan ingancin ciniki akwai sanin kaya da sanin farashi, kuma hikimar a fili take: wanda ya ba da kafin alƙalami bai san jimilla ba ya miƙa wuyansa. In za ka ajiye kuɗi, a rubuta jimillar a sidi, ko a rubuta canjin da za a bi da ranar da za a ɗauke shi, da abin da zai faru in motar ta zo ba yadda aka siffanta ba, a gaban shaidu.

Rancen banki kuwa, bayan matsalar riba, tsada gare shi. Babban Banki ya sauke ma'aunin kuɗin ruwansa daga kashi 28 zuwa 25 a Yulin 2025, zuwa 21.5 a Satumba, hauhawar farashi ma ta sauko zuwa kashi 9.4 a watan, amma abin da bankuna ke caji har yanzu ya fi ƙarfin malamin makaranta. Shi ya sa matasanmu ke faɗawa tsarin nan na karɓi mota ka yi aiki ka biya mako-mako, inda in ka tara jimillar sai ka ga ta yi wa kuɗin motar nisa, in ka gaza a tsakiya kuma a karɓe ta. Nijeriya tana da bankin Jaiz tun 2012, inda banki ke sayen mota ya sayar maka a kan riba sananniya da ba ta ƙaruwa. Ghana kuwa har zuwa 2025 ba ta da cikakken banki irin wannan, ko da yake Babban Banki a ƙarƙashin Dakta Johnson Asiama ya ce yana shirya ƙa'idojinsa. Wannan ne abin da ya kamata sarakunan Zango da limamanmu da 'yan majalisarmu na Ayawaso su matsa a kai, don ya fi ragin kashi ɗaya na haraji amfani gare mu.

To a jira ko a saya?

Jira yana da amfani in kana da abin da kake yi a cikinsa. Zaɓi motar tukuna, bisa aikin da za ta yi maka da kuɗin riƙe ta, ba bisa wadda ta fi sauka a wannan makon ba. Je Abossey Okai ka tambayi kuɗin fitila da birki da gilashin kowacce. Sa ejan mai lasisi ya fitar maka da lissafin fito da lambar shasi. Ware kuɗin inshora da gyaran farko a gefe. Sannan ka sa wa kanka iyaka a sidi, ka ce ranar da motar da na zaɓa ta shigo cikin wannan adadin zan saya, ko dala za ta ƙara sauka washegari. Wanda ba shi da wannan adadin a rubuce, zai yi ta jira har kuɗin ya tafi a biki da suna.

In kuma lissafin ya nuna bayan sayen ba abin da zai rage na makarantar yara da hayar ɗaki, to motar ba ta yi araha ba tukuna, ko nawa dala ta koma. Trotro bai taɓa rage wa kowa mutunci ba.

Allah Ya ba mu na halal, Ya sa mu hau lafiya mu sauka lafiya.